Gwamnatin riƙon ƙwaryar Biyetnam ta 1948: an furta 'yanci, an riƙe makulli

Wanda ya bi labarai a ƙarshen Afrilun 2025, lokacin da yaƙin Biyetnam ya cika shekara 50 da ƙarewa, ya ga tuta iri biyu. A birnin Ho Chi Minh, wato tsohon Saigon, an yi fareti da jar tuta mai tauraro ruwan ɗorawa a tsakiya. A unguwannin 'yan Biyetnam mazauna Kalifoniya da Ostireliya kuwa, an fito da wata tuta ruwan ɗorawa mai jan layi uku a kwance, ana juyayi. Yawancin masu kallo sun san ta biyun da sunan tutar Biyetnam ta Kudu, ƙasar da Amurka ta tsaya wa har ta faɗi a 1975. Haka ne, sai dai tutar ta girmi jamhuriyar Kudun da shekara bakwai.

Gwamnatin da ta ayyana ta tutar ƙasa, a farkon Yunin 1948, ita ce Gwamnatin Tsakiya ta Riƙon Ƙwarya ta Biyetnam, ƙarƙashin Janar Nguyen Van Xuan. An kafa ta ranar 27 ga Mayu 1948, ta yi kusan wata 13, sannan ta miƙa wa tsohon sarki Bao Dai. A littattafan tarihi da yawa layi biyu take samu. Amma a zamaninta ne Faransa ta fara amincewa a fili da kalmar 'yancin kai a takardar yarjejeniya da wani ɓangaren Biyetnam, kalmar da ta hana jagoran 'yan gurguzu Ho Chi Minh shekara biyu kafin nan. Yadda aka yi aka furta kalmar, da abin da aka riƙe bayan an furta ta, su ne ke bayyana dalilin da ya sa ƙasar ta tashi da gwamnati biyu, kowacce na cewa ita ce ta gaskiya.

Yanki uku, doka iri biyu

Faransa ba ta ci Biyetnam a rana ɗaya ba, ba kuma da takarda ɗaya ta riƙe ta ba. Ta kama Saigon a 1859. A 1862 sarkin gidan sarautar Nguyen ya sallama mata lardi uku na kudu, a 1867 ta haɗa da sauran ukun. Wannan yankin shi ne Kocincina, kuma mallaka ce ta kai tsaye: gwamna Bafaranshe, dokar Faransa, har da kujerar wakili a majalisar Paris. Tsakiyar ƙasar, Annam, da arewacinta, Tonkin, sun shiga hannu ne da yarjejeniyoyin 1883 da 1884 a matsayin ƙasashen kariya. Sarki yana nan a fadarsa ta Hue da hakimansa, amma Razdan na Faransa ne ke juya al'amura. Wanda ya san bambancin da Ingilishi suka yi tsakanin Ikko da lardunan Arewa ba zai sha wahalar gane wannan ba.

'Yan ƙasar suna kiran kowane yanki ky, kuma a wurin masu kishin ƙasa duka ukun ƙasa ɗaya ce, mai harshe ɗaya. A dokar Faransa kuwa, Kocincina yankin Faransa ne, babu mai iya taɓa matsayinta sai majalisar dokoki ta Paris. Kuma ba yankin banza ba ne. Can shinkafar bakin kogin Mekong take, can manyan gonakin roba suke, irin na kamfanin Michelin, can tashar jiragen ruwan Saigon da harkokin Bankin Indocina suke.

Sai kalmomi biyu da aka yi ta ja-in-ja a kansu. Doc lap shi ne 'yancin kai cikakke. Tu do kuwa walwala ce, ko sakewa, wadda mutum zai iya samu ko da yana ƙarƙashin wani. Masu shawarwari na Faransa sun fi son ta biyun.

Akwai kuma Tarayyar Faransa, sabon sunan da tsarin mulkin Oktoban 1946 ya raɗa wa daular. A cikinta akwai yankunan ƙetare, irin su Nijar da Chadi, akwai kuma matsayin da ake kira ƙasa abokiyar tarayya, wanda aka tanada wa irin su Biyetnam da Kambodiya da Laos. Shugaban Faransa shi ne shugaban tarayyar, kuma tsaronta a hannun gwamnatin Faransa yake. Wannan ne ya bambanta ta da ƙungiyar da Ingila ta bar Indiya da Pakistan a ciki a 1947, inda kowacce ke da sojanta da jakadunta.

Abin da ya faru a 1945 da 1946

Ranar 9 ga Maris 1945 sojojin Japan, waɗanda ke ƙasar tun 1940, suka kifar da mulkin Faransa a dare ɗaya. Bao Dai ya ayyana 'yanci, aka kafa gwamnati ƙarƙashin wani malamin tarihi, Tran Trong Kim, a daidai lokacin da yunwa ke kashe dubban ɗaruruwan mutane a arewa. Wata biyar kawai wannan tsarin ya yi. Da Japan ta miƙa wuya a Agusta, ƙungiyar Viet Minh, wadda 'yan gurguzu ke jagoranta, ta karɓe Hanoi, Bao Dai ya yi murabus, Ho Chi Minh ya ayyana Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Biyetnam ranar 2 ga Satumba. Bao Dai ma ya karɓi muƙamin babban mai ba sabuwar gwamnatin shawara.

Faransa ta dawo ta kudu, da taimakon sojojin Ingila da aka turo su kwance ɗamarar Japanawa. A arewa, inda sojojin Sin suke, dole ta zauna da Ho. Ranar 6 ga Maris 1946 shi da Jean Sainteny suka sa hannu a yarjejeniya: Faransa ta amince da jamhuriyarsa a matsayin ƙasa mai walwala, da gwamnatinta da majalisarta da sojanta da baitulmalinta, a cikin Tarayyar Faransa. Sojan Faransa 15,000 za su shiga arewa, su janye cikin shekara biyar. Kalmar doc lap ba ta cikin takardar. Batun haɗe yankuna uku kuma aka ce ƙuri'ar raba gardama ce za ta yanke. Ba a taɓa yin ƙuri'ar ba.

Babban Kwamishinan Faransa a Saigon a lokacin shi ne Admiral Thierry d'Argenlieu, sojan ruwa kuma limamin Katolika, na hannun daman Janar de Gaulle, jagoran Faransa a yaƙin duniya na biyu. Ho ya tashi zuwa Faransa ranar 31 ga Mayu domin ci gaba da tattaunawa. Washegari, 1 ga Yuni, yana kan hanya, aka ayyana Jamhuriyar Kocincina mai cin gashin kanta a Saigon. Hujjar d'Argenlieu ita ce gwamnatin ta wucin gadi ce kafin ƙuri'a, kuma mutanen kudu na da haƙƙin a ji ta bakinsu ba ta bakin Hanoi ba. A wurin Hanoi kuwa an yanke hukunci ne kafin a shiga kotu. Taron da aka yi da wakilan Ho a garin Fontainebleau na Faransa ya watse ba a cim ma komai na a zo a gani ba.

Shugaban sabuwar jamhuriyar, Dakta Nguyen Van Thinh, likita ne, mai gonaki, mai takardar zama ɗan Faransa. Bai daɗe ba ya gane cewa 'yan sanda da kuɗi da manyan ofisoshi duk suna hannun Faransawa, 'yan ƙasarsa kuma na kallonsa a matsayin maci amana. Ranar 10 ga Nuwamba 1946 aka same shi ya rataye kansa a gidansa. An ruwaito cewa kafin nan ya yi ƙorafin wasan kwaikwayo aka sa shi yi. Mako biyu bayan haka rikicin kwastan a tashar Haiphong ya kai ga jiragen yaƙin Faransa suka yi wa garin luguden wuta, ranar 19 ga Disamba kuma yaƙi ya ɓarke a Hanoi.

Neman wanda za a yi ciniki da shi

A 1947 Faransa ta samu kanta tana riƙe da birane, Viet Minh na riƙe da ƙauyuka da duwatsu. Sabon Babban Kwamishina, Emile Bollaert, farar hula ne. A watan Mayu ya aika masani Paul Mus ya sami Ho a maɓoyarsa da sharuɗɗan da ba su da maraba da miƙa wuya, Ho ya ƙi. A watan nan ne kuma aka fitar da 'yan gurguzun Faransa daga gwamnatin Paris, saboda haka masu neman a daidaita da Ho suka rasa murya a majalisar ministoci. A Oktoba sojojin laima suka dira a Bac Kan da niyyar cafke shugabannin Viet Minh, suka kuskure su. Tun kafin wannan farmakin hankali ya fara komawa kan neman wani ɗan ƙasa da zai ja masu kishin ƙasa waɗanda ba 'yan gurguzu ba, a raba su da Ho.

Irin waɗannan mutane akwai su, kuma ƙorafinsu ba ƙirƙirar Faransa ba ne. A 1946 Viet Minh ta murƙushe jam'iyyun VNQDD da Dai Viet a arewa. A Afrilun 1947 ta kashe Huynh Phu So, wanda ya kafa ɗariƙar Hoa Hao, mabiyansa masu makamai suka koma ɓangaren Faransa. Ɗariƙar Cao Dai ta Tay Ninh ta riga su. Akwai Katolika da yawa, akwai masu gonaki, akwai tsofaffin ma'aikatan fada. Abin da suka rasa shi ne mutum ɗaya da za su taru a bayansa, sai ido ya koma kan Bao Dai, wanda ya bar Hanoi tun 1946 ya tare a Hong Kong.

Ana yawan kwatanta Bao Dai da ɗan sarki mai son caca da farauta da motoci, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Amma a wannan cinikin ya san abin da ke hannunsa. Ya san idan ya koma da abin da bai kai wanda Ho ke yaƙi a kansa ba, ya ƙone. Saboda haka ya tsaya kan abu biyu, doc lap da haɗe yankuna uku. Bollaert ya so ya yi babban jawabi a tsakiyar Agustan 1947, daidai da samun 'yancin Indiya, Paris ta kira shi gida ta rage wa jawabin gishiri, sai 10 ga Satumba ya karanta shi a Ha Dong, bai kuma burge kowa ba. A Disamba suka haɗu da Bao Dai a cikin jirgin yaƙin Duguay-Trouin a gaɓar Ha Long. Bao Dai ya sa hannu a sanarwa mai ɗauke da kalmar 'yanci, tare da wata takarda ta biyu da ta ɗaure kalmar da sharuɗɗa. Da magoya bayansa suka ga ta biyun suka yi masa ca, sai ya tsallake Turai, Bollaert ya bi shi har Janiba yana lallashi.

Mafitar da aka samu ita ce gwamnatin riƙon ƙwarya. Wani ne zai sa hannu ya ɗauki nauyin, Bao Dai ya tsaya gefe ya ga ko Faransa za ta cika alkawari. Idan ta cika ya shigo, idan ta saɓa sunansa bai ɓaci ba. Ngo Dinh Diem, wanda daga baya ya zama shugaban Biyetnam ta Kudu, ya nemi matsayi irin na Indiya da Pakistan, da bai samu ba ya janye jikinsa.

Janar Xuan da takardar Ha Long

Wanda ya karɓi aikin shi ne Nguyen Van Xuan, haifaffen kudu a 1892. Ya yi karatu a Polytechnique, babbar makarantar injiniyoyin soja ta Paris, ya yi wa Faransa yaƙin duniya na farko, shi ne kuma ɗan Biyetnam na farko da ya kai muƙamin janar a rundunarta. Yana da takardar zama ɗan Faransa, kuma ya fi sakewa da Faransanci a kan harshen iyayensa, abin da abokan hamayya ba su gaji da ambata ba. Ya yi mataimaki a gwamnatin Thinh. A Oktoban 1947 ya zama shugaban Kocincina, ya canza mata suna zuwa Gwamnatin Riƙon Ƙwarya ta Kudancin Biyetnam, alamar cewa ya bar layin 'yan a-ware ya koma na haɗin kai.

Ranar 5 ga Yuni 1948 aka koma gaɓar Ha Long, cikin jirgin nan dai na Duguay-Trouin. Xuan da Bollaert suka sa hannu, Bao Dai yana wurin ya sa nasa a matsayin mai shaida. Sanarwar ta ce Faransa ta amince da 'yancin Biyetnam, kuma ya rage gare ta ta haɗa kanta yadda ta ga dama. Biyetnam kuma ta shiga Tarayyar Faransa a matsayin abokiyar tarayya, ta yi alkawarin kare haƙƙin Faransawa da fifita su wurin ɗaukar ƙwararru. Batun soja da huldar waje da kuɗi da shari'a, wato duk abin da ke sa ƙasa ta zama ƙasa, an ce sai a yarjejeniyoyi na gaba.

Gwamnatin ta naɗa gwamna a kowane yanki, ta fitar da tuta mai layi uku da ake fassarawa da yankuna uku, ta zaɓi taken ƙasa. Abin dariya a nan, taken daga wata waƙar ɗalibai aka ɗauko shi, kuma wanda ya tsara waƙar yana daji tare da Viet Minh.

Kwana uku bayan sa hannun, ministan yankunan ƙetare, Paul Coste-Floret, ya tabbatar wa majalisar Paris cewa matsayin Kocincina bai canza ba. Ta fuskar doka gaskiya ya faɗa. Sashe na 75 na tsarin mulkin 1946 ya ce ba a canza matsayin yanki sai da dokar majalisa, bayan an tuntuɓi majalisar yankin. Ga shi kuma Paris ba ta zaune lafiya: tsakanin Yuli da Satumban 1948 an yi firaminista Schuman, aka yi Marie, Schuman ya dawo na 'yan kwanaki, sannan Queuille. Babu wanda ke son ya ɗauki wannan wutar ya kai gaban majalisa. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

Sakamakon haka, gwamnatin da ake kira ta tsakiya ba ta da iko na doka a kan yankin da ya fi kowane arziki, alhali mataimakin shugabanta, Tran Van Huu, shi ne ke shugabantar yankin. Kwastan, wanda shi ne babbar hanyar kuɗin shiga, yana hannun ofisoshin Babban Kwamishina. Bankin Indocina ne ke buga kuɗi. 'Yan sandan ciki na Faransa ne. Mayaƙan Cao Dai da Hoa Hao, da 'yan dabar Binh Xuyen da suka sauya sheƙa a Yunin 1948, da hafsoshin Faransa suka yi cinikinsu, daga can kuma suke karɓar makamai da albashi. Bao Dai da ya ga haka sai ya yi zamansa a gidansa na Cannes. Abu ɗaya mai ɗorewa da aka yi a lokacin shi ne buɗe makarantar horar da hafsoshi a Hue a ƙarshen 1948, kuma cikin ɗaliban farko akwai Nguyen Van Thieu, wanda ya mulki Kudu daga baya.

Yadda kowane ɓangare ya kalli abin

A wurin Viet Minh maganar gajera ce: gwamnatin jeka-na-yi-ka ce, bu nhin a harshensu, wato mutum-mutumin da ake kafawa a gona, masu yi mata aiki kuma Viet gian ne, maciya amanar ƙasa. Hujjarsu ita ce akwai gwamnatin da aka ayyana tun 1945, ta yi zaɓe a Janairun 1946, Faransa da kanta ta sa hannu da ita, kuma Bao Dai ya sauka da bakinsa. Suna ƙarawa da cewa ba don jinin mayaƙansu ba, Faransa ba za ta taɓa furta kalmar 'yanci ga kowa ba. Wannan maganar ta ƙarshe masana tarihi da yawa, har da waɗanda ba sa ƙaunar gurguzu, sun yarda da ita.

Waɗanda suka shiga gwamnatin suna da tasu amsar. Sun ce Viet Minh ba ta bar wa kowa wurin tsayawa ba, wanda bai bi ta ba kabari ne makomarsa. Tun da ba su da soja, hanyar da ta rage ita ce su yi amfani da buƙatar da Faransa ke da ita gare su, su riƙa tatsar iko kaɗan-kaɗan. Suna nuni da cewa ta wannan hanya aka dawo da Kocincina cikin ƙasa, abin da Ho bai samu a Fontainebleau ba. Masana na baya-bayan nan sun fi ba wannan ɓangare muhimmanci fiye da na da, suna ganin yaƙin basasa ne tsakanin 'yan ƙasa ya cakuɗe da yaƙin ƙwatar 'yanci.

Faransawa ma bakinsu ba ɗaya ba ne. Bollaert da wasu 'yan jam'iyyar Soshalis sun yi imanin sai an ba da wani abu na gaske. Jam'iyyar MRP, wadda ke riƙe da ma'aikatar yankunan ƙetare, da magoya bayan de Gaulle, suna tsoron duk abin da aka ba Biyetnam gobe Maroko da Tunisiya za su nema, ga tawayen Madagaska na 1947 bai daɗe da lafawa ba. Turawan da ke da gonaki da kantuna a Saigon kuwa ko haɗe yankunan ba sa so a ambata. Amurka ta tsaya a tsakiya: ba ta son Ho saboda gurguzu, tana kuma gaya wa Paris a asirce cewa gwamnatin da ba ta da iko ba za ta ja kowa ba.

Akwai rukuni na ƙarshe, mai yawan gaske cikin 'yan boko da ma'aikata, waɗanda suka ƙi kowane ɓangare. 'Yan ƙasar suna kiransu trum chan, masu lulluɓa da bargo. Likita ne ko lauya ko malamin makaranta da aka yi wa tayin muƙami ya ce ba shi da lafiya. Ba tsoro kaɗai ba ne, ko da yake tsoron na da dalili, domin a Oktoban 1947 aka kashe Dakta Truong Dinh Tri, shugaban kwamitin mulkin da Faransawa suka kafa a Hanoi. Da yawansu jira suke su ga an miƙa makulli ko ɗaya kafin su fito. Faransa kuma tana cewa ba za ta miƙa ba sai ta ga gwamnatin ta yi ƙarfi. Kowa na jiran kowa.

Talaka a tsakanin hukuma biyu

Manomin da ke noman haya a bakin Mekong bai ga ministan Xuan ba, ko sau ɗaya. Abin da ya gani shi ne hasumiyoyin tsaro da Janar de Latour ya jera a kan manyan hanyoyin kudu, kowacce na hango ta gaba da ita, da 'yan sojan sa-kai a ciki. Da rana hanyar ta masu hasumiya ce. Da magariba ta yi sai su janye tsani su kulle, gari ya koma hannun Viet Minh, a zo karɓar shinkafa da kuɗi da samarin da za su tona hanyar da aka gyara da safe. Mai unguwa ne ya fi kowa shiga uku, domin duk wanda ya yi wa aiki, ɗayan zai zo tambaya. Gaba kura, baya sayaki.

Kuɗi ma biyu ne. A birane ana kashe fiyasta ta Bankin Indocina, a yankunan Viet Minh ana kashe takardar da ke da hoton Ho. Mai tallan da ke tsallaka iyaka da gishiri ko magani dole ta riƙe duka biyun, kuma kowanne aka samu a jikinta a wurin da bai dace ba ya isa ya jawo mata tuhuma. A sama kuwa fiyasta ta zama hanyar arziki. Tun Disamban 1945 Paris ta kayyade ta a kan faran 17, alhali a kasuwa ba ta wuce faran 10 ba. Wanda ya samu izinin aika kuɗi Faransa daga ofishin canji na Saigon ya ci ribar bambancin, baitulmalin Faransa ya biya. Ofishin ba ya ƙarƙashin gwamnatin Xuan, kuma sai 1953 aka karya farashin.

Batun gona ya ƙara raba su. Manyan mutanen gwamnatin kudu masu gonaki ne, ba su da abin da za su ce wa ɗan haya. Viet Minh kuwa ta ba da umarnin a rage kuɗin hayar gona da kashi ɗaya cikin huɗu, ta kuma buɗe azuzuwan yaƙi da jahilci. Amma zama a yankinta ma ba daɗi: ta rusa garuruwa da gadoji da hannunta don kada abokan gaba su amfana, ga zazzaɓin cizon sauro, ga ƙarancin magani, ga jiragen sama. Shi ya sa daga 1948 iyalai da yawa da suka gudu daga Hanoi suka fara komawa. Komawarsu ba mubaya'a ba ce ga Xuan, neman abinci da makaranta ne, amma su ne daga baya suka cika ofisoshin sabuwar ƙasar.

Yaƙin ya taɓa gidaje har a Afirka ta Yamma. Dokar Faransa ba ta bari a tura matasan da aka ɗauka aikin soja na dole zuwa Indocina ba, saboda haka rundunar ta dogara da sojan haya da na yankunan mallaka. Daga 1947 aka fara kai sojojin Afirka baƙar fata, dubun dubatarsu kafin yaƙin ya ƙare, cikinsu har da 'yan Nijar da Chadi. Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974, yana cikin waɗanda suka yi aiki a can.

Yadda ta miƙa mulki

Abin da ya motsa Paris daga Sin ya zo. A ƙarshen 1948 sojojin Mao Zedong suka fara cin manyan yaƙe-yaƙe, kowa ya ga cewa ba da daɗewa ba za su iso iyakar Tonkin. Sabon Babban Kwamishina, Leon Pignon, ya matsa a kammala da Bao Dai. Ranar 8 ga Maris 1949 Shugaba Vincent Auriol da Bao Dai suka yi musayar wasiƙu a fadar Elysee. Biyetnam ta samu sojanta, amma Faransa ta riƙe sansanoni da jagorancin yaƙi. Ta samu damar buɗe ofisoshin jakadanci a wurare ƙalilan. Faransawa mazauna ƙasar kuma kotunan haɗin gwiwa ne za su yi musu shari'a.

Bao Dai ya ce ba zai taka ƙasar ba sai an gama da Kocincina. Aka yi sauri aka kafa majalisar yanki mai kujera 64, 16 na Faransawa, 48 na 'yan ƙasa. A yankin da ke da miliyoyin mutane, waɗanda suka jefa ƙuri'a a zaɓen 10 ga Afrilu ba su kai 2,000 ba, domin ƙungiyoyin sana'a da majalisun larduna aka ba damar zaɓen, Viet Minh kuma ta hana fita. Majalisar ta amince da haɗewa ranar 23 ga Afrilu, Bao Dai ya sauka Dalat ranar 28, dokar majalisar Faransa ta fito ranar 4 ga Yuni. A farkon Yuli aka kafa Ƙasar Biyetnam, Bao Dai ya zama shugaban ƙasa, Xuan ya koma mataimakin firaminista mai kula da tsaro. Wata shida ya yi a kujerar. Daga baya ya koma Faransa, ya rasu a Nice a 1989.

Majalisar Faransa ba ta tabbatar da yarjejeniyar Elysee ba sai ƙarshen Janairun 1950. Kafin nan, ranar 18 ga watan, Sin ta Mao ta amince da gwamnatin Ho, Tarayyar Sobiyet ta bi ranar 30. Amurka da Ingila suka amince da ta Bao Dai ranar 7 ga Fabrairu, kuɗi da makaman Amurka suka fara shigowa a shekarar. Fadar Norodom da ke tsakiyar Saigon, gidan gwamnonin mulkin mallaka, ta ci gaba da zama a hannun wakilin Faransa, shugaban ƙasa kuma yana can kan duwatsun Dalat. Ba a miƙa fadar ba sai Satumban 1954, wata huɗu bayan faɗuwar sansanin sojan Faransa na Dien Bien Phu a hannun Viet Minh, kuma Ngo Dinh Diem ne ya karɓe ta.